Yadda ake adana hotunan gida don jikoki su same su da sunayensu

Da adakar kakanmu na fara wannan aiki, a gidanmu na nan Garwa, bayan sadakar arba'in ɗinsa. Ko da muka buɗe, gara ta riga mu. Ta shigo ta gindin adakar inda tsatsa ta huda, ta cinye fiye da rabin abin da ke ciki, ta bar mana jar ƙasa a madadinsa. Hotuna 63 muka tsira da su. A cikinsu akwai wajen 20 da har yau ba mu san ko su wane ne a jiki ba, domin mutum ɗaya da ya san su shi ne muka kai makwancinsa. Wannan ya fi ɓarnar garar ci mini rai.

Tun daga nan na yi wa dangi da maƙwabta irin wannan aiki a gidaje da dama, har Marwa da Kuseri. Tsarin da na tsaya a kai shi ne a fara da suna da kwafi, gyara da wurin ajiya su biyo baya. Takarda za ta iya jiranka shekara guda. Tsohuwa mai shekara 85 kuwa, ba ka da wannan tabbacin.

## Kayan aiki

- Littafin rubutu mai ƙaƙƙarfan bango, irin rajistar 'yan kasuwa. Shi ne uwar aikin.
- Fensir mai taushi, wanda aka rubuta 2B ko 4B a jikinsa.
- Sabon burushi mai laushi. Na shafa hoda yana yi, in dai ba a taɓa sa shi a hoda ba.
- Farar takardar fotokofi da fararen ambulan.
- Wankakken farin ƙyalle na auduga don shimfiɗawa, da baƙi marar ƙyalli don ɗaukar kwafi.
- Waya mai kyamara mai kyau, ko sikana in ana samu.
- Filasha biyu, ko memori biyu, daga shagon da ka amince da shi.
- Akwatin roba mai kauri wanda murfinsa ke rufuwa ruf, ko adakar ƙarfe marar tsatsa.
- 'Yan ƙullin silika, ƙwayoyin nan masu kama da gishiri da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na rediyo. Danshi suke tsotsewa. Masu sayar da takalma zubarwa suke yi, ka roƙe su su tara maka.

Safar hannu ba dole ba ce. Wanke hannu da sabulu, ka bari ya bushe sarai, kada ka shafa mai, kuma ka riƙa kama hoto ta gefe. Abubuwan da za ka kawar daga tabarmar aiki su ne biro (bik a bakin mutanenmu), maka, salatif, gam, robar ɗaure kuɗi, abin maƙale takarda na ƙarfe, da kofin shayi.

## Mataki na 1: Tattarawa

Hotuna ba a albam kaɗai suke ba. Duba ƙasan adaka, cikin kwalla da langa na jeren iyaye mata, ƙarƙashin katifa, bayan madubi, tsakanin shafukan littattafai. Nemi tsohon katin ɗan ƙasa, fasfon aikin Hajji, lasisin tuƙi, katin makaranta. Tsofaffi da yawa, musamman mata, ɗan hoton da ke jikin katin nan shi kaɗai suka taɓa ɗauka a duniya. Kada ka ɓamɓare shi. Katin gaba ɗayansa za ka adana, don yana ɗauke da suna da shekara da gari.

Ba kowa zai yarda hotonsa ya fita daga ɗakinsa ba, kuma suna da gaskiya, an sha ara ba a mayar ba. Kai za ka ɗauki kayanka ka je can. In an ba ka aro, ƙirga a gaban mai shi, ka rubuta adadin, ka faɗi ranar dawowa, ka cika. Na kowane gida su zauna a ambulan ɗinsu. Kada ka cakuɗa, domin gidan da hoto ya fito shi ne zai fara nuna maka ko su wane ne a ciki.

In tsohon mai hoton unguwarku yana raye, ko 'ya'yansa suna nan, je ka tambaya ko fina-finan da ya wanke suna ajiye, wato baƙar ledar nan da ake ɗagawa sama a ga mutum fari ya koma baƙi. Abin da ke irin waɗannan shaguna ba kaɗan ba ne. A garin Mbouda da ke yammacin Kamaru, shagon mai hoto guda, Jacques Toussele, an kwashe hotuna sama da 40,000 daga fina-finansa zuwa kwamfuta da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya.

Tun a nan ka ware marasa lafiya: hoton da ya yi fumfuna, da fim ɗin da ke warin tsami irin na binega. Dukansu suna shafar na kusa da su.

## Mataki na 2: Share ƙura da ba da lamba

Abu ɗaya ya kamata ka sani game da jikin hoto. Fuskarsa wani siririn danƙo ce da ake yi daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikinsa surar take. Ruwa na kumbura shi, danshi na sa shi manne wa abin da ya taɓa, kuma abinci ne ga fumfuna da kyankyaso da asu. Don haka ba a goge hoto da jiƙaƙƙen tsumma, ba a sa masa miyau, ba a hura masa iskar baki, balle kananzir ko turare.

Shimfiɗa farin ƙyalle, ɗora hoton, ka share da burushi daga tsakiya zuwa gefe, a hankali. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi. In ka murza ta da yatsa ko hannun riga, karce fuskar za ta yi. Mai fumfuna kuma, bar shi ya bushe a inuwa tukuna, sannan ka fita waje da takunkumi a hanci ka share shi da wani burushin dabam.

Sai lamba. Ba kowane gida harafi, kowane hoto lamba: A-001, A-002, B-001. Kifa hoton a kan abu mai tauri da tsabta, ka rubuta lambar da fensir a kusurwar baya, ba tare da dannawa ba. Dannawa na fitowa ta fuska. Hotunan kala da yawancin na bayan shekarun 1970 bayansu leda-leda ne, fensir ba ya kamawa. Irin waɗannan kada ka ce bari ka ɗauko bik. Tawadarsa na ratsa takarda, tana kuma bugawa a fuskar hoton da ke ƙasa. Sa hoton a ambulan, ka rubuta lambar a jikin ambulan ɗin kafin ka saka shi.

## Mataki na 3: Zama da tsofaffi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi jinkirtawa. Fara da wanda ya fi kowa tsufa ko rashin lafiya, ko da kuwa shi ya fi nisa.

Je da hantsi, lokacin da haske ke da kyau kuma jiki bai mutu ba. Kai goro ko turare, ka gaisa yadda ya kamata, ka zauna ƙasa. Sai ka ce, "Goggo, ga wasu hotuna na kawo ki duba mana, ko za ki gane mutanen ciki." Miƙa ɗaya-ɗaya. Goma zuwa goma sha biyar sun isa zama guda, in ka wuce haka gajiya za ta sa a fara ba ka amsar sallama. In idonta ya yi rauni, ɗauki hoton a waya ka buɗa mata fuskar ta cika gilashin.

Kuskuren da na fi gani shi ne sa wa tsoho amsa a baki. In ka ce, "Wannan Kawu ne ko?" za ta ce e don ta faranta maka. Ce mata, "Wa kika gani a nan?" ka yi shiru. Shirun nan kada ka cike shi. Sau da yawa bayansa ne labarin ke fitowa, har da wanda ba ka tambaya ba.

Nemi izini ka kunna rikodar waya, kuma kafin kowane hoto ka faɗi lambarsa da ƙarfi don muryar ta haɗu da hoton. In ta zarce da Fillanci ko Larabci ko Barbarci, ƙyale ta, fassara ta zo daga baya. A rajista, kowace lamba ta sami waɗannan: su wane ne daga hagu zuwa dama, ɗan wa ko 'yar wa, wane gari da unguwa, wane sha'ani, wace shekara, da wanda ya ba da bayanin.

Ga wata matsala tamu ta gida. Alkunya ba za ta bar tsohuwa ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗan farinta, ko na surukinta. Za ta ce "mai gidan nan", ko "yaron nan", ko "mai sunan Malam". Kada ka matsa mata. Rubuta yadda ta faɗa, sannan ka tambayi ƙanwarta ko wata jikar da ta tashi a ɗakinta. Haka kuma kada ka rubuta "Kaka" ko "Baffa" kawai ka wuce. Nan da shekara 40, kakar wa? Rubuta sunan yanka, da laƙabin da aka fi sani, da sunan uba. Ƙara da yadda aka rubuta sunan a takardun hukuma, domin a ƙasashenmu da rubutun Faransanci ake yi: Usmanu ya koma Ousmanou, Umaru ya koma Oumarou. Jikan da zai nemi takardar gado ko ta fili da wancan rubutun zai nema.

In tsofaffi biyu suka saɓa, kada ka yi alƙalanci. Rubuta duka biyun, wannan in ji Goggo, wannan in ji Baffa. Na sha ganin hoto na uku ya zo ya raba gardamar.

## Mataki na 4: Gano shekara

Tsofaffi ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya faru suke riƙewa: shekarar fari, shekarar da wane ya sauke farali, goyon wance. Kai za ka mayar da shi lamba. Ga wasu turaku da nake ɗaure lissafi a kansu.

Kamaru ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960, Chadi ranar 11 ga Agusta na wannan shekarar. In tutar Kamaru ta fito a hoto, na makaranta ko na fareti, ƙirga taurarinta: biyu a ɓangaren kore, daga 1961 zuwa 1975 ke nan, ɗaya a tsakiya, daga 1975 zuwa yau. Hoton Ahmadu Ahijo a bangon ofis ko a jikin atamfa yana nuna zamaninsa, wanda ya ƙare a Nuwamban 1982. Hatimin mai hoto da ya ce Fort-Lamy ya girmi canjin sunan birnin zuwa Injamena a 1973, ko bai wuce shi da yawa ba. Hoton tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare ba zai riga 1974 ba, shekarar da aka buɗe layin. In an ce "lokacin da muka tsallako Kuseri gudun yaƙi", yawanci yaƙin Injamena na 1980 ake nufi. Ga masu lissafin Hijira kuma, shekarar 1400 ta kama ne a Nuwamban 1979.

Juya bayan hoton kala, sau da yawa injin wanki ya buga wata da shekara. Jan kwanan watan da ke fitowa a kusurwar fuska kuwa, kada ka yarda da shi ido rufe, don ba kowa ke saita kyamararsa ba. Inda ba ka tabbatar ba, rubuta "wajen 1975" ko "tsakanin 1968 da 1972". Ƙiyasin da aka nuna ƙiyasi ne ya fi shekarar da aka ƙaga.

## Mataki na 5: Ɗaukar kwafi

Kafin ka ɓamɓare, ko ka miƙar, ko ka fitar da wani abu daga firam, ɗauki kwafinsa yadda yake. In ya lalace a hannunka, ka riga ka tsira da surar. Fotokofi ba kwafi ba ne a wannan aiki, baƙi da fari kawai yake bari, ya cinye fuska.

In da sikana, goge gilashinta, ka saita ta a 600 dpi. Injin da ke Faransanci ppp zai rubuta, abu ɗaya ne, yawan ɗigo ne a kowane inci. Ƙananan hotunan kati ka kai su 1200 don su yi girma in an buga. Ko hoton baƙi da fari ne, zaɓi kala, domin launin tsufan ma bayani ne. Kashe duk wani gyaran da injin ke yi da kansa. Hoto mai santimita 10 da 15 a 600 dpi, in an ajiye shi a TIFF, nau'in fayil da ba ya matse hoto, zai ci wajen megabait 25, a JPEG mafi inganci, nau'in da ke matsewa, bai fi 3 zuwa 5 ba. Ni nakan ba manyan hotunan gida TIFF, sauran JPEG. In a shago za a yi maka, tsaya a kai, ka faɗi lambar da kake so, ka karɓi fayil ɗinka a filasha, sannan ka sa a goge na kwamfutarsu.

In babu sikana, waya ta wadatar, muddin an bi ƙa'ida:

1. Yi aikin a inuwar baranda ko bakin ƙofa da safe, inda haske ke da yawa amma rana ba ta dukan hoton. Kashe fitilar kyamara.
2. Shimfiɗa baƙin ƙyallen a ƙasa, ɗora hoton, ka sa 'yar takarda mai lambarsa a gefe.
3. Ɗora wayar a bakin kujera ko ƙaramin teburi, idon kyamarar ya leƙo ƙasa, ka danne ta da littafi. Wayar ta kwanta daidai da hoton. In ta karkace, kai zai yi tsawo ko faɗi.
4. Goge idon kyamarar. Kashe abin gyaran fuska. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, matso da wayar.
5. Sa ƙidayar daƙiƙa 3 don kada hannu ya girgiza ta.
6. Buɗa abin da ka ɗauka ka duba idanun mutanen. In ba su fito tar ba, sake.
7. Juya ka ɗauki bayan, in da rubutu ko hatimi.

Hoto mai sheƙi yakan nuna inuwarka da ta wayar. Sa tufa mai duhu, ka ɗan juya shimfiɗar har ƙyallin ya gushe. Akwai manhajar PhotoScan ta Google da ke ɗauka ta kusurwoyi da dama ta cire ƙyallin, tana taimakawa ga na cikin gilashi. Fim kuma, riƙe shi ta gefe a gaban farin haske, misali fuskar wata wayar da aka buɗe farin shafi, da ɗan rata tsakaninsu, ka ɗauka, sannan ka juya launin a manhajar gyaran hoto. Bai kai na injin fim ba, amma za ka ga ko su wane ne.

Manhajojin nan masu "gyara tsohon hoto" ina da magana a kansu. Inda fuska ta dushe, ƙirƙiro ido da baki suke yi daga fuskokin wasu mutane. Na taɓa nuna wa wata gwaggona hoton mahaifiyarta da wani yaro ya gyara haka, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, wannan kyakkyawa ce, amma ba Inna ba ce." In za ka yi wasa da su, yi a kan kwafin kwafi, ka rubuta "gyararre" a sunansa. Na asalin kada a taɓa shi.

## Mataki na 6: Ajiye kwafin

Sunan kowane fayil ya fara da lambar rajista, sai shekara, sai gari, sai sha'ani: A-014_1978_Garwa_aure. Shafukan rajistar ma ka ɗauke su hoto, su da muryoyin da ka naɗa su zauna a jaka ɗaya da hotunan.

Kwafi uku nake yi, kuma ba a gida ɗaya ba. Ɗaya a wurina, a kwamfuta ko filasha. Na biyu a hannun ɗan'uwa a wani gari, don gobara ko ambaliya ba sa tambayar ɗaki nawa ka raba kayanka. Na uku a intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki JPEG sama da 3,000 in wasiƙu ba su cinye wurin ba. Sai dai asusun da aka shekara 2 ba a shiga ba suna iya rufe shi, kuma in layin wayar da ka buɗe shi da shi ya mutu aka ba wani, dawo da shi wahala ne. Riƙa shiga, ka kuma rubuta kalmar sirrin a takarda.

Filasha da memori ba na har abada ba ne. In suka daɗe ba a jona su ba suna zubar da abin da ke ciki, zafi na ƙara saurin hakan. Jabu ma sun cika kasuwa, a rubuta gigabait 64 a jiki alhali cikin bai kai ba. In ka sayi sabo, cika shi, ka cire, ka sake jonawa, ka buɗe hotunan farko da na ƙarshe.

WhatsApp da Facebook matse hoto suke yi ya rage inganci. Wurin nunawa ne, ba wurin ajiya ba. In za ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp don ya adana, tura a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu.

Kafin ka saka wani hoto a zauren dangi na WhatsApp, tambayi masu shi. Akwai hoton 'yanmatanci da Hajiya ba za ta so surukanta su gani ba. Akwai kuma gidajen da ba sa rataye hoto saboda fahimtarsu ta addini, wasu ma in an yi rasuwa sukan so a kawar da na mamacin. Wannan a girmama shi. Roƙona kawai, kafin a ƙona ko a yaga, a yi shawara da sauran magada, wataƙila wani zai karɓa ya rufe a akwati.

## Mataki na 7: Albam, firam da laminatin

Albam ɗin nan mai layukan gam da leda a sama, wanda ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, mugun mazauni ne. Gam ɗin na komawa ruwan ƙasa ya ɓata bayan hoto. Ɗauki hoton kowane shafi gaba ɗaya tukuna don kada jerin ya ɓace. Wanda ya ɗago da kansa, cire shi. Wanda ya kama, zura siririn zaren sakace haƙori na famasi ta ƙarƙashin kusurwa, ka riƙa ja hagu da dama sannu a hankali. In ya ƙi, bar shi, ka sa farar takarda tsakanin shafukan. Kada garin neman gira a rasa ido. Tsohon albam mai rubutun hannun wani a shafukansa kuwa, ba a wargaza shi sam.

Hoton da ya manne da gilashin firam, in ka ja, fuskar za ta zauna a gilashin. Ɗauki kwafi ta saman gilashin, ka ajiye su tare. Sauran na bango duk ka sauke su, ka buga kwafi ka rataya a madadinsu. Hoton kala rini uku ne a jere, ba kuma tare suke kodewa ba, shi ya sa tsofaffin ke komawa ja-ja. Rana da zafi ke hanzarta wannan, hayaƙin turaren wuta da na murhu su ƙara nasu.

Laminatin, wato rufe takarda da leda a injin zafi, mutane na yinsa da kyakkyawar niyya, amma ba ya warwaruwa. Zafi da gam sun riga sun shiga jikin hoton, in gefe ya buɗe danshi ya shiga, ba ya fita. Yi wa kwafi, kada ka yi wa na asali. Wanda ya yage ma kada ka liƙa da salatif. Tara guntayen a ambulan ɗaya, a haɗa su a kwamfuta.

## Mataki na 8: Mazaunin na asali

Masu gidajen tarihi suna so hoto ya zauna a sanyin da bai wuce digiri 20 ba, da danshi tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari. Mu da Maris da Afrilu ke haura 40, Agusta kuma bango na zufa, ba za mu sami haka ba. Abin da za mu iya shi ne neman wuri mafi sanyi da bushewa a gidan. Ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin lalacewa aƙalla sau biyu, don haka bambancin ɗaki da ɗaki ba ƙaramin abu ba ne.

Saman wadirob a ƙarƙashin rufin kwano shi ne wuri mafi muni, can zafi ke taruwa. Ƙasa kuma ta gara ce da ruwa. Nemi ɗakin ciki wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, nesa da madafa da banɗaki. Ɗora akwatin a kan teburin ƙarfe ko kanta mai tsayin ƙugu, ka bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango don ka riƙa ganin hanyar gara in ta taso.

A ciki, sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, goma-goma a ambulan, lambobin a rubuce a waje. Jarida da takardar siminti da kwali mai ruwan ƙasa suna da tsami, suna rina hoto. In leda kake so, duba alamar da ke jikinta: PP ko lamba 5 tana da kyau, PVC ko lamba 3 ba ta da shi, ita ce mai warin sabon takalmin roba. A ɗaki mai danshi dai takarda ta fi, don leda na iya mannewa da fuska. Fina-finai su sami nasu ambulan, masu warin tsami kuma su bar akwatin gaba ɗaya.

Ga dabarar da yanayinmu ya ba mu kyauta: rufe akwatin a Nuwamba ko Disamba, bayan iska ta bushe. In ka rufe a Agusta, damina ka kulle a ciki. Zuba ƙullin silika a kusurwa, kada su taɓa hotunan. In sun sha danshi, a zazzage ƙwayoyin a faranti na ƙarfe a gasa a wuta kaɗan, wajen digiri 120, awa ɗaya zuwa biyu, su dawo aiki. Kada ka sa shinkafa a madadinsu, ƙwari take kira. Kafur da maganin feshi su tsaya a wajen akwati. In hunturu ya sa tsohon hoto ya nannaɗe, kada ka miƙar da shi da ƙarfi, zai tsage. Bar shi sai iska ta yi laushi, sannan ka sa shi tsakanin takardu ka ɗora littafi.

## Mataki na 9: In ruwa ya riga ka

Wanda ya ga ambaliyar 2012 a bakin Binuwai, ko ta 2022 a Injamena da Kuseri, ko ta 2024 a Yagwa, ya san ruwa ba ya sallama. Ko yoyon rufi ma ya isa. Kwana biyu zuwa uku kake da su kafin fumfuna ta kama.

Fara ɗaukar kowanne a waya yadda yake, don wani surar za ta zame. Fitar da su daga albam da firam tun suna jiƙe. Masu laka, riƙe su ta gefe ka ɗauraye a roba da ruwa mai tsabta mai sanyi, ba tare da taɓa fuskar ba. Waɗanda suka manne da juna, sa su a ruwan na ɗan lokaci su saki da kansu, in sun bushe a haɗe shi ke nan. Shanya ɗaya-ɗaya a kan ƙyalle, fuska sama, a inuwa mai iska. Ban da rana, ban da dutsen guga, ban da bakin murhu. Hotunan da aka buga da injin tawada na ofis kada ka tsoma su, tawadar za ta bi ruwa. Shanya su kawai.

## Mataki na 10: Na cikin waya, da zagayen shekara

Hotunan 'ya'yanmu sun fi na kakanninmu zama cikin haɗari, domin waya ɗaya ce ta riƙe su, ita kuwa faɗuwa ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe ta. Duk shekara, ni bayan Babbar Salla nake yi, zaɓi 20 ko 30 da suka fi muhimmanci, ka kai inda ake wanke hoto da injin magani, ba na tawada ba. Ranar da ka karɓo ka ba su lamba, ka shigar da sunaye a rajista. Tun ran gini ake zane.

Akwatin kuma sau biyu ake buɗe shi, kafin ruwan farko da bayan na ƙarshe. Shinshina, duba kusurwoyi ko da kashin kyankyaso, sauya takardar da ta yi ja, gasa silika. Ranar nan ka jona filasha ka buɗe hotuna kaɗan, ka shiga asusun intanet. Duk shekara 4 ko 5 ka sayi sabuwar filasha ka juye.

A shafin farko na rajistar, rubuta inda kwafi ukun suke, da wanda ke riƙe da kowanne, da inda takardar kalmar sirri take. Sannan ka zaɓi yaro ko yarinya ɗaya a gidan, mai hankali, wanda kake gani yana son zama kusa da tsofaffi. Zagaye na gaba shi zai riƙe burushin da fensirin, kai kana gefe kana faɗa masa sunayen.